In na yi tafiya kasuwata tsayawa take yi, ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata goma sha huɗu ina sayar da atamfa da shadda. Ina da shago biyu da sito ɗaya, da yara bakwai, cikinsu har da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya da kuma ƙanen matata. In ina nan komai lafiya lau. Amma da zarar na yi tafiya, ko Umara ko sarin kaya, sai in dawo in tarar ciniki ya ja baya, an ba da bashin da ban san da shi ba, lissafi kuma bai cika ba. Ba na son in zargi kowa, ba kuma zan iya korar 'yan'uwana ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Na daɗe ina yi wa 'yan kasuwa aikin lissafi, kuma da wuya wata ya wuce ban ji irin wannan kuka ba, daga Kwari har Singa har Dawanau. Ka yi mini haƙuri, da kai zan fara kafin in zo kan yaran.

A ce yau an kwantar da kai asibiti kwana arba'in, Allah ya kiyaye, an kuma karɓe wayarka. Wa ya san nawa ka saro kowace dila? Wa ya san adadin turamen da ke sito a daren nan? Wa ya san mutumin Gaidam nawa ake bin sa, da ranar da ya ce zai biya? In amsar duka ukun "sai ni" ce, to kasuwar taka a cikin kanka take zaune, shagunan nan wurin ajiye kaya ne kawai. Ranar da ka hau jirgi ita ma ta hau tare da kai. Yaran da ka bari suna lalube ne a duhu, kuma mai lalube ko yana da gaskiya sai ya yi ɓari.

Kakanninmu fatake sun riga mu gane wannan. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja fataucin goro, ya ratsa ta Borgu har Salaga da ke Ghana ta yau, tafiyar watanni ce, da ɗaruruwan mutane da jakuna da dukiyar jama'a. Madugu shi ne shugaba, amma bai taɓa cewa komai sai shi ba. Akwai jagaba, wanda ke gaba yana duba hanya da inda za a yada zango. Akwai uban dawaki, wanda ke ji da kuɗin da ake biyan masu ƙasa kafin a wuce. Akwai malamin ayari, mai alƙalami da addu'a. Kowa ya san aikinsa, kowa kuma ya san na ɗan'uwansa. Daga irin wannan gida Alhassan Ɗantata ya fito, mahaifinsa madugu ne, shi ma da fataucin goro ya fara kafin ya koma gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Saboda haka raba aiki gadonmu ne. Mu ne muka sake shi da muka zauna a shago, kowa ya zama madugu da jagaba da malami shi kaɗai.

A shago irin naka hannu uku ne bai kamata su haɗu a jikin mutum ɗaya ba: mai riƙe kaya, mai riƙe kuɗi, mai riƙe littafi. Yaron sito ba ya karɓar kuɗi daga kwastoma. Mai karɓar kuɗi ba ya riƙe makullin sito. Wanda ke rubuta lissafin yini ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin biyun. Turmi ɗaya ba ya fita daga sito sai da takarda mai lamba, kwafi biyu, ɗaya ta zauna a sito, ɗaya ta bi kayan zuwa shago. Da yamma mai littafi ya haɗa takardun sito da rasit ɗin ciniki da abin da ya shiga banki da abin da ke durowa. In sun yi daidai, aikin rabin awa ne. In ba su yi ba, a ranar za a gane, tun kowa yana tuna abin da ya faru, ba sai bayan wata uku ka dawo ana rantse-rantse ba.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wani bawan Allah ya kira ni saboda turmi sittin da wani abu sun ɓace masa a cikin wata biyu, har ya gama yanke hukunci a ransa cewa yaron sitonsa ɓarawo ne. Na ce ya bari in zauna a bakin siton yini biyu. Kafin azahar ta ranar farko na ƙirga sau huɗu yaran maƙwabta sun zo da gudu: "Ba ni turmi biyar na kala kaza, kwastoma na jira, yanzu zan kawo maka." Yaron ya miƙa, ba rubutu, domin haka ya ga ubangidansa yana yi. Wasu sukan dawo da kuɗi da yamma, wasu su dawo da wata kalar, wasu sai an tuna. Da muka bi layin shago-shago da littafi a hannu, sama da turmi arba'in suka fito, masu su ma ba musu suka yi ba, mantawa aka yi. Saura kaɗan a kori yaron da bai ci kwabo ba. Aron kaya tsakanin maƙwabta al'adar kasuwa ce mai kyau, kada ka hana. Littafin aro kawai za ka ajiye a sito, wanda ya karɓa ya sa hannu, in ya dawo da shi a soke.

Maganar kuɗi kuwa, tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma waya, kuma nan ne sabuwar ɓaraka take. Kwastoma ya ce zai yi transfa, netwok ya ƙi, yaro ya ce "tura ta nawa asusun, zan mayar." Sau da yawa yana mayarwa. Wata rana kuma kuɗin ya kwana biyu a wurinsa, matsala ta taso a gida, ya taɓa da niyyar cikawa. Daga nan ake farawa. Ka buɗe asusu ɗaya da sunan kasuwar, ka liƙa lambarsa a bango da manyan baƙaƙe, ka gaya wa manyan kwastomominka da bakinka cewa duk kuɗin da ya shiga wani asusu ba wannan ba, bai iso ka ba. Alat ya riƙa shiga wayarka da ta mai littafi. Kada kaya su fita don an nuna hoton rasit a waya, sai an ga kuɗin sun zauna.

Sai kuma hannun da ya fi kowane hannu yawan shiga durowa, wato naka. Kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, gudummawar biki, wani dattijo ya zo gaisuwa a sallame shi, duk daga cinikin ranar, ba rubutu. Dukiyarka ce, ba mai ce maka don me. Amma abu biyu ne ke faruwa. Na farko, lissafi ba zai taɓa cika ba, kuma in bai cika ba kullum, ranar da aka yi sata ta gaske ba za ka bambanta ta da sauran ranaku ba. Na biyu, yaran suna kallo. Abin da suka ga kana yi shi ne dokar shagon, ba abin da ka faɗa ba. Ka yanka wa kanka albashi a wata, wanda zai riƙe gidanka da hidimominka, ya fita sau ɗaya zuwa asusunka na kanka. In larura ta sa ka ɗauki wani abu a durowa, ka ce wa mai littafi ya rubuta da sunanka, a gaban kowa. Ranar da yaro ya ga Alhaji da kansa yana sa hannu a kan dubu biyar, ba sai ka yi masa wa'azi ba.

Bashi shi ne ya fi cinye jarin mutanen Kwari, ya fi sata nesa ba kusa ba. Kuma ba za ka iya hana shi ba, domin mai sari daga Maiduguri ko Maraɗi ko Njamena da ya saba ɗaukar kaya ya cika daga baya, in ka hana shi maƙwabcinka zai ba shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da ajalinsa da shaidunsa, ƙarami ne ko babba. Amma mu sai mu ce kunya muke ji. Ka zauna ka rubuta sunayen waɗanda ka yarda a ba su bashi, kowa da iyakarsa: wane kada ya wuce miliyan biyu, wane dubu ɗari biyar, kuma ba a ƙara sabo sai an biya rabin tsoho. Wanda ba ya cikin takardar, ko wane ne shi, sai an kira ka. Wannan takarda garkuwa ce ga yaranka. Yaro ɗan shekara ashirin da biyu ba zai iya kallon idon abokin ubangidansa ya ce a'a ba, amma zai iya cewa "Baba, ka yi haƙuri, ga abin da Alhaji ya rubuta." Duk ranar Asabar a kawo maka jerin basussuka bisa tsufansu: na ƙasa da wata ɗaya, na wata ɗaya zuwa uku, na sama da haka. Jeri na ukun nan shi za ka riƙa bi da kanka.

Yanzu ga wurin da na fi son ka tsaya ka yi tunani. Ka ce ciniki yana ja baya in ba ka nan. Dalilin da na fi gani shi ne ba wanda ke da ikon yanke magana. Kwastoma ya taya, yaro bai san iya inda zai iya sauka ba, ya kira ka wayarka a kashe kana cikin Harami, kwastoma ya wuce gaba. Ko kuma ya sallama a farashin da ya ga dama, ka dawo ka yi masa faɗa, gobe ya ƙi sallamawa ko da riba. Ka ba kowane kaya farashi biyu a rubuce: wanda ake faɗa, da wanda ba a sauka ƙasa da shi. Tsakanin biyun yaro ya yi cinikinsa ba tare da ya nemi kowa ba. Ƙasa da haka sai wakilinka.

Wakilin nan kuma mutum ɗaya ne, ka naɗa shi a gaban sauran shidan, ka faɗi abin da ya isa ya yanke da abin da sai ya jira ka. Kada ka bar wa kowa rabin iko don gudun ɓacin ran wani, ka tafi ka bar shago da shugabanni uku. Bayan ka naɗa shi, aiki mafi wuya naka ne: kada ka warware maganarsa a gaban mutane. Za a gwada ka. Tsohon kwastoma zai kira ka kai tsaye ya ce "Alhaji, yaron nan naka ya hana ni kaya, ka yi masa magana." In ka ce "ba shi wayar," ka kuma umarce shi ya bayar, to ka sauke shi daga muƙamin a ranar, ko da ba ka faɗa ba, kuma duk kasuwa za ta san hanyar zagaye shi. Abin da za ka ce shi ne "bari in ji daga bakinsa, zai kira ka." In ya yi kuskure ku gyara tsakaninku, shi ya koma ya sanar da sabuwar maganar da bakinsa. Zai yi kuskuren da zai ja maka asara, babu makawa. Ka lissafa wannan a matsayin kuɗin makaranta. Kai ma wani ya yi asara kafin ka iya.

Kada kuma ka jira sai Umara ta zo ka gwada tsarin. Ka fara da yini ɗaya a mako: kana gari, amma ba ka zuwa kasuwa, ba ka ɗaga waya sai ta wakili. Washegari ku zauna ku duba inda aka maƙale. Bayan wata biyu ka mai da shi kwana uku a jere. Duk tambayar da aka yi maka sau biyu, amsarta ta shiga takarda.

To, me kake biyan yaran? Ba ka faɗa ba, amma na san yadda aka saba: kuɗin abinci da na mota kullum, ɗinkin sallah, in aure ya tashi Alhaji ya yi hidima, sauran kuma yaro ya nema a ɗori, wato abin da ya ƙara a kan farashi ya sa aljihu. Iyayen gida da yawa mutanen kirki ne, abin da suke kashewa a kan yaro in an tara ya fi albashi. Matsalar ita ce yaron bai san nawa ne ba, bai san yaushe ba, ba zai iya tsara rayuwarsa a kai ba. Ɗorin kuma yana koya masa cewa samunsa yana cikin abin da ubangida bai gani ba. Ka raini mutum shekara bakwai a kan wannan, sannan ka yi mamaki don ya ɓoye maka ciniki? Gara ka yanka albashi sananne, ko da bai kai yadda kake so ba (mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 naira dubu saba'in ne, ka riƙe shi a matsayin ma'auni), ka ɗora kamasho a kan kowane turmi da aka sayar, a rubuce, a biya ƙarshen wata ba tare da yaro ya roƙa ba. Kamashon kayan da aka bayar bashi kada ya fita sai kuɗin sun shigo. Za ka ga yadda yaran da kansu za su koma masu bin bashi.

Abin da ya fi albashi riƙe yaro mai hazaƙa shi ne ya san inda tafiyar za ta kai shi. Maƙwabtanmu Inyamurai na Sabon Gari sun fi mu tsari a nan: yaro yana shiga hannun ubangida an san shekarun da zai yi, in ya cika a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Mu ma muna da sallama, sai dai tamu ba ta da rana, sai ran da Alhaji ya ga dama, wani har furfura ta fito masa yana yaron shago. Wanda bai ga ranar sallamarsa ba shi ne yake fara sallamar kansa a ɓoye, kaɗan-kaɗan. Ka gaya wa kowane yaro: in ka yi shekara kaza lafiya, ga abin da zan yi maka. Kuma fiƙihunmu ya tanadi hanyar da ba sai ka rabu da shi gaba ɗaya ba, wato ƙiradi: kai ka kawo jari, shi ya kawo aiki, riba a raba bisa kason da kuka yarda, rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku. Sharaɗinsa kaso ne, ba adadi ba. "Ka riƙa kawo mini dubu ɗari biyu duk wata" ba ƙiradi ba ne. In aka yi asara ba da sakacinsa ba, a kan jarinka take, shi kuma wahalarsa ta tafi a banza. A mazhabar Malikiyya jarin ƙiradi kuɗi ne, ba haja ba, don haka in kaya za ka zuba masa, ka zauna da malami ya tsara muku yadda zai inganta. Shagonka na biyu ya dace da wannan sosai.

Sai 'yan'uwa. Ba na ce ka kori kowa ba, ban kuma yarda cewa ɗan'uwa ba ya riƙe amana ba. Manyan gidajen kasuwancin Kano da 'yan'uwa aka gina su. Abin da ke ɓata lamarin shi ne a shigo da mutum don zumunci, ba a faɗa masa aikinsa ba, ba a faɗa masa haƙƙinsa ba, shi yana ganin dukiyar yayansa tasa ce, kai kana ganin yaronka ne. Ka zauna da ƙanenka a gida, ba a kasuwa ba, ka tambaye shi abin da yake so ya zama nan da shekara biyar. Wataƙila ba ka taɓa tambayarsa ba. In shi ne ya fi cancanta da wakilci, ka ba shi, da albashinsa da kasonsa, dokar takarda kuma ta hau kansa kamar kowa. In wani bare ne ya fi shi, to baren za ka naɗa, amma ka riga kowa gaya wa ƙanen naka, kuma in Hajiya mahaifiyarku tana raye ka je ka yi mata bayani da kanka kafin labarin ya iso ta ta wata hanya. Da yawa daga cikin tsare-tsaren da na ga sun rushe, a ɗakin uwa suka rushe, saboda ta ji ne daga bakin wanda aka ɓata wa. In kuwa ka tabbata ɗan'uwa ba zai zauna ƙarƙashin tsari ba, ka cire wani abu da za ka iya yafewa ka ba shi jari ya yi nasa, ka ɗauka kyauta ce ko da ka kira ta rance. Asarar da ka san iyakarta ta fi wadda ke ɗiga kullum sauƙi, zumuncin ma ya fi tsira. Ƙanen matarka kuwa, kada ka sa shi a kuɗi ko a littafi, ko da ya fi kowa gaskiya. Ranar da lissafi ya ƙi cika, maganar har ɗakin kwananka za ta biyo ka. Ka sa shi a sayarwa, inda kamashonsa zai yi magana.

Akwai wani hali da nake roƙon iyayen gida su duba a kansu: yaya kake yi in an kawo maka mummunan labari? A masana'antar motoci ta Toyota a Japan, ƙaramin ma'aikaci in ya ga matsala yana da igiyar da zai ja ya kira shugabansa, in ta kama har layin haɗa motar ya tsaya, kuma ba a hukunta shi don ya ja. Sun gane cewa aibin da aka ɓoye ya fi wanda aka faɗa tsada. In yaro ya ce maka ruwa ya taɓa dila biyu a sito ka zage shi a gaban kwastoma, gobe in ya ga gara ta shiga sai ya juya dilar ta fuskanci bango. Babba juji ne. Wanda ya kawo maka labarin kuskurensa da kansa, ka sassauta masa fiye da wanda aka kama, kuma kowa ya ga bambancin.

Wani abu kuma da zai iya zama ba laifin kowa ba ne. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a farkon 2024 ta haura 1,500. Duk mai shigo da kaya ya ji a jikinsa. A ce ka sari turmi dubu goma, yaronka ya sayar dubu goma sha biyu yana murna ya ci riba, alhali sabon sari ya koma dubu goma sha huɗu. A littafi an ci dubu biyu, a sito kuwa kuɗin turmi bakwai ba za su dawo maka da bakwai ba, shida za su sayo. Mutane da yawa sun zargi yaransu a wannan lokaci, nairorinsu suna ƙaruwa kayansu suna raguwa. Ka riƙa auna jarinka da adadin dila da turmi, ka kuma sa farashi bisa abin da za ka sayo gobe. Wannan aikinka ne kai da wakili, ko kana Makka sai ka aiko da sabon farashi.

Ka yi wa kasuwar rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC in ba ka yi ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya buɗe kamfani mai iyakantaccen alhaki shi kaɗai. Amfaninsa a wurina ya wuce maganar banki. Mun sha gani a Kano: attajiri ya rasu, kafin shekara ta zagayo an raba shaguna da dilolin da ke ciki, masu bashi sun yi shiru tunda ba takarda, sunan gidan ya ɓace daga kasuwa. In kamfani ne, magada hannun jari za su gada bisa rabon da shari'a ta yi, shagon kuma ya ci gaba da buɗewa. An ruwaito cewa Alhassan Ɗantata kafin rasuwarsa a 1955 ya yi wa 'ya'yansa wasiyya su haɗa kai kada kamfanin ya watse, ga shi har yau ana jin sunan gidan. Aliko Ɗangote, wanda ta wajen uwa jinin gidan ne, ya kai kamfaninsa na siminti kasuwar hannun jari a 2010, abin da ke nufin baƙi su binciki littafinsa duk shekara a buga kowa ya gani. Ba na ce ka kai can ba. Amma akanta na waje da zai zo sau ɗaya a wata uku ya duba littafinka ba zai fi ƙarfinka ba. Kuma duk yamma mai littafi ya ɗauki hoton shafin ranar ya tura maka ta WhatsApp. Waɗanda gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta shafa za su gaya maka cewa wuta ba ta barin littafin bashi.

Inda za ka fara shi ne ƙirga. Dama kana ƙirga kaya sau ɗaya a shekara don fitar da zakka, to yanzu ka mai da shi duk wata, sito kuma a riƙa ɗaukar kala biyu ko uku ba zato a ƙirga a tsakiyar mako. Amma ƙirgar farko daban take. Ka tara yaran bakwai ka ce musu: za mu rufe yini ɗaya mu ƙirga komai, kaya da kuɗi da bashi da aro, kuma duk abin da aka samu ya yi giɓi daga yau zuwa baya na yafe, ba zan tambayi kowa ba, wanda ya san wani bashi da ba a rubuta ba ya faɗa yanzu. Zai yi maka ciwo, domin za ka ji adadin da ba ka so. Amma in ka haɗa ƙirgar farko da tuhuma, kowa zai rufe bakinsa, ka fara sabon littafi da lambobin ƙarya. Ku ƙirga bibbiyu, wanda ba ɗan sito ba shi ke ƙirgawa, ɗan sito yana kallo. In an gama a rubuta jimilla a shafin farko na sabon littafi, da kwanan wata, kai ka sa hannu, wakili ya sa, ɗan sito da mai kuɗi su sa, kowa ya ɗauki hotonsa a wayarsa. Washegari da safe turmin farko da zai fita daga sito ya fita da takarda mai lamba ɗaya.